Ciyawar maƙwabcina da dogon yaron gidanmu

A bazarar 2022, da hukuma ta hana shayar da ciyawar ado a kudancin Faransa saboda fari, maƙwabcina ya tsaya bakin shinge yana nuna min filin gidansa da ya koma ruwan ƙasa, fuskar nan kamar an yi masa rasuwa. Na yi masa jaje dai, don zaman tare. A raina kuwa cewa na yi, wannan bai san Damagaram a watan Afrilu ba.

Ba wai zafinsu wasa ne ba. A 2019 ma'auni ya kai digiri 46 a wani ƙauye kusa da Monpeliye, inda nake zaune, kuma zafin 2003 ya kashe mutum wajen 15,000 a ƙasar. Abin da ban taɓa ganewa ba shi ne zuba ruwan sha mai tsabta a kan ciyawar da ba a ci, ba ta ba da inuwa, ko akuya ba a bari ta taɓa.

A gidanmu na unguwar Birni a Damagaram, ruwa ba ya aiki ɗaya ya tafi. Famfo kan yi kwanaki bai ɗiga ba, sai a jira mai ga-ruwa ya turo bidodinsa, kuma a bazara shi ke da bakin magana. Ƙishin garin nan tsoho ne, yana cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birnin Nijar daga can zuwa Yamai a 1926. Don haka Inna ta kafa doka: alwala a gindin lemun tsami ake yi, ruwan wankin shinkafa na zogale ne, na wanki mai sabulu a yayyafa tsakar gida da la'asar don ƙura ta kwanta. Randa tana kan jiƙaƙƙen yashi, an naɗe ta da buhu, ruwanta na sanyaya haƙori ko babu wuta. Dogon yaro kuwa ba mai ba shi ko moɗa guda, amma a ƙarƙashinsa muke wuni, kusa da shi muke shimfiɗa tabarmi mu kwana. Wata rana na watsar da ruwan kwano a bakin zaure, Inna ta bi ni da mafici har waje.

Kada a ce ina yabon wahala. Da famfo na zuwa kullum, da Inna ta huta da lissafin nan. Su ma Turawan suna da dabarar da na ɗauka: rufe tagogin katako tun hantsi, a buɗe da dare, da kuma lulluɓe gindin shuka da tattaka don laima ta daɗe.

Abin da ke ba ni haushi yanzu a gida yake. Duk wanda ya samu kuɗi sai ya sare bishiya, ya malale tsakar gida da siminti, ya ɗora kwano, sannan ya zauna yana tsinuwa in an ɗauke wuta. Ƙanena ya so yin haka, na ce in ya taɓa dogon yaron nan ba ni ba shi.

Batun tattaka kuma na faɗa wa Inna a waya. Bayan sati na tambaye ta, ta ce, "Kai ɗan nan, awaki sun cinye rabi, gara ta gama da saura."