An ce a bar kasuwa ta yi halinta, to wa ke duba mudun?

Jiya da yamma na shiga wani gidan mai da jarkar janareto. Na biya kuɗin lita 10, mita ta nuna 10 cif, amma da na ɗaga jarkar sai na ga man bai kai inda ya saba kaiwa ba. Shekara nawa ina awo da jarkar nan, na san inda lita 10 take tsayawa kamar yadda na san ƙofar gidanmu. Na ce wa yaron, "Malam, wannan fa bai cika ba." Ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, ai gwamnati ta cire hannu, yanzu kowa tasa ta fisshe shi." Ban yi masa faɗa ba, don ba shi ya saita mitar ba. Amma da maganarsa na kwana.

Ni ba na cikin masu kukan a dawo da tallafin mai. A 2022 kaɗai ya cinye sama da naira tiriliyan 4, kuma wanda ya san hanyar Jibiya ko Illela ya san inda tankoki suke bi da daddare. Da Shugaba Tinubu ya tsaya a Abuja ranar 29 ga Mayu 2023 ya ce tallafi ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki. Bayan mako biyu aka saki naira ita ma ta nemi matsayinta, dala ta bar 460 da 'yan kai, kafin Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Mun ji jiki, har yanzu muna ji. Duk da haka zan iya fahimtar hujjar: gwamnati ba 'yar kasuwa ba ce, in ta ce ita za ta yanka farashi, ƙarshenta layi da 'yan bumburutu. Abin da na kasa fahimta shi ne yadda cire hannu daga farashi ya zama ɗauke ido daga awo.

Wannan ba baƙon zance ba ne a wurinmu. An yi tsada a Madina, mutane suka je wurin Manzon Allah (SAW) suka ce ya yanka musu farashi. Ya ƙi. Ya ce Allah ne mai sanya farashi, mai ƙuntatawa, mai yalwatawa, kuma yana fatan ya gamu da Ubangijinsa ba wanda ke bin sa haƙƙin jini ko dukiya. Masu son a saki kasuwa suna ƙaunar wannan hadisi, kuma suna da gaskiya. Sai dai su kan tsaya a nan. Shi dai wannan Manzo ne ya bi ta kasuwa, ya ga tsibin abinci, ya cusa hannunsa ciki, yatsunsa suka taɓo danshi. Ya tambayi mai kayan, ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Ya ce me ya hana ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani? Wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Ku lura da hannun nan: bai taɓa farashi ba, amma ya shiga cikin hatsi har ƙasa. Kuma ya hana ɓoye kaya, ya hana tare fatake a hanya kafin su iso kasuwa su ji yadda take ci.

Ko a Kantin Kwari haka gogaggen maigida yake yi. Ba ya tsayawa a kan yaron shagonsa yana gyara masa ciniki, in ya yi haka yaron ba zai taɓa iya kasuwa ba. Zai bar shi ya yi tayi, ya sallama, wani lokaci ma ya faɗi. Amma bayan la'asar sai an buɗe littafi, an ƙirga dila nawa ta fita, kuɗi nawa suka shigo, wa ya karɓi bashi. Maigidan da ya ce ya yarda da yaronsa har ya daina lissafi, ba amana ya ba shi ba, jarrabawa ya jefa shi, kuma a ƙarshe su biyun za su yi kuka.

Mun taɓa yin irin wannan a 1986, zamanin Babangida, lokacin shirin gyaran tattalin arziki da ake kira SAP. Aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, na auduga da gyaɗa da koko da sauransu. Ba zan yi musu kuka ba, sun daɗe suna sayen gumin manomi da araha. Amma hukumomin nan su ne ke tantance kaya daraja-daraja, su ne ke raba irin auduga. Aka tafi da su gaba ɗaya ba a ajiye wanda zai riƙe wannan aikin ba. Tambayi dattawan Funtuwa ko Gusau yadda iri ya gauraye, auduga ta koma kowa ya zuba abin da ya ga dama a buhu.

Abin haushin ma, hannun bai fita ba, wuri ya sake. Ɗauki buhunan masara daga Dawanau ka nufi Legas, ka ƙirga shingen da za a tsayar da direba, wannan da rasit, wancan ko rasit ɗin babu. Duk kuɗin nan a kan mudun tsohuwar da za ta yi tuwo yake sauka. A nan ne ake buƙatar a sakar wa mutane mara, amma a nan hannun ya fi nauyi. Haka a Agustan 2019 aka rufe iyakoki sama da shekara guda, 'yan kasuwar Maraɗi da na Katsina, waɗanda da yawansu dangin juna ne, suka ga ta kansu. Sannan in tsada ta kai wuya, kamar a Fabrairun 2024, sai ka ga an bazama Dawanau ana garƙame rumbuna da kwaɗo. Wanda ya ɓoye abinci don ya matsi talaka a hukunta shi, ban ce a'a ba. Amma samame na rana ɗaya gaban kyamara ba sa ido ba ne, fafe gora ne ranar tafiya.

Kuma ba wai babu masu aikin ba. Akwai sashen awo da ma'auni a ma'aikatar ciniki ta tarayya, akwai hukumar NMDPRA da dokar man fetur ta 2021 ta kafa don kula da gidajen mai. Aikin ba ya buƙatar tiriliyan. Mutum ne da gwangwanin awo mai hatimi, ya zo ba sanarwa, ya ce a zuba masa lita 10. Wanda aka kama a rufe masa famfo, kuma kada a buɗe bayan kwana biyu don wani ya buga waya. Haka takin zamanin da ake haɗawa da yashi, haka mudun da aka bubbuge wa gindi.

Yau da safe wurin ɗan bumburutun bakin titinmu na je. Ya ɗora mini wani abu a kan kuɗin gidan mai, na biya ban yi ciniki ba. Galan ɗinsa fari ne, ya ɗaga shi a rana na ga inda man ya tsaya kafin ya juye mini.