Ga mai sabar da ke suma duk ƙarshen wata

Cigiya kawai na sa, ina neman masu rubuta manhaja su shigo ɗan aikinmu na tura saƙo daga waya zuwa waya ba tare da saba (babbar kwamfutar da saƙonni kan bi ta cikinta) a tsakiya ba. Ban yaudari kowa ba: babu albashi, aikin sha'awa ne, Asabar da yamma a unguwar Rayfield da ke Jos, shayi a kaina. Kafin magariba wani ya bi yaran da suka amsa ɗaya bayan ɗaya, wai kada su ɓata ƙuruciyarsu, manhaja babu saba tatsuniya ce.

Ban kira suna ba, mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Tatsuniya, Malam? Manhajar tura saƙo ta Tox tun 2013 haka take aiki. Ita ma manhajar Briar ko intanet ya ɗauke tana miƙa saƙo ta Bluetooth tsakanin wayoyin da ke kusa, kuma wanda ya ga yadda aka rufe layukan waya a Zamfara a Satumban 2021 ba zai kira wannan wasan yara ba. Ranar 4 ga Oktoban shekarar WhatsApp kanta ta kwanta wajen awa shida. Amma ina mai sabar da ke suma duk ƙarshen wata zai san wannan? Shi lissafin kuɗin hayar saba da dala ya ishe shi.

Da ma suka ta ilimi ya yi, da na miƙa masa kujera. Misali ya ce kamfanonin waya na cusa jama'a da yawa bayan adireshin IP ɗaya (lambar da ake gane na'ura da ita a intanet), ta yaya wayoyi biyu za su gano juna? Ko ya ce in wanda aka tura wa saƙo ya kashe data, ina saƙon zai kwana? Ko ya ce batir fa? Waɗannan su ke hana mu barci, su nake nema wa masu rubuta manhaja da harsunan Kotlin da Rust. Ko ɗaya bai ambata ba, don bai san da su ba.

Wallahi abin da ya ƙona min rai, ni na zaunar da kai a shago a Terminus na nuna maka yadda ake tura kod, wato rubutun manhaja, zuwa GitHub, shafin da ake ajiye shi. Ni! Yau kai ke gargaɗin yara a kaina, kai mai sabar da ke suma duk ƙarshen wata?

Namu kod ɗin a buɗe yake, kowa na iya shiga ya tona kurakuransa. In ka isa ka buɗe naka.