Ƙaiƙayi na kai wa likita, ita kuwa barcina ta tambaya

Wata uku ina fama da kirci a bayan gwiwa da lanƙwasar hannu, in yi ta susa da dare har jini ya fito. Sai da na jira mako biyu kafin in ga likita a nan Leeds, ƙasar Ingila. Ɗan ɗaki ne mai kafet ruwan toka, ƙarfen ɗumama ɗaki na huci a jikin bango, yayyafi na dukan taga, ƙarfe huɗu amma duhu ya riga ya shiga. Minti 10 ake ba kowa. Duban fatar bai ci biyu ba, sauran duk tambaya ce. Awa nawa nake barci? Aikin dare nake yi? In na dawo gida da wa nake hira? Ta ƙarshen nan ta soke ni, don ba ni da amsa.

Ta ce in hankali ya daɗe a tashe, jiki yakan yi ta zubo sinadarin kotisol, shi kuma ya raunana fata, ta kasa riƙe danshi, ta bushe ta tsage. Ƙaiƙayi ya hana barci, rashin barci ya ƙara damuwa. Ba damuwa kaɗai ke kawo kirci ba, amma tana hura shi, kamar yadda take tayar da borin jini.

A Sakkwato mai kemis ba zai zauna yi maka wannan bayani ba. Kirim zai miƙo maka, sau da yawa mai sitiroyid, wanda in an daɗe ana shafawa fata ke yin siriri. Nan kam sun fi mu, na yarda.

Amma shekara 30 na yi a unguwar Mabera ta Sakkwato, na sha hunturu, na sha zafin Afrilu mai wuce digiri 40, fatata ba ta taɓa yin haka ba. Bashi akwai, rashi akwai. Sai dai bayan la'asar akwai tabarma a ƙofar gida, kuma fuskarka ba ta sauyawa wani bai ce "lafiya dai?" ba.

Da na gaya wa Inna a waya, cewa ta yi, "Wanga ba ciwon hwata ba na, kewa ta. Yaushe za ka taho?" Ta aiko min da man kaɗanya. Maƙwabcina na nan kuwa, shekara biyu bango ɗaya ke tsakaninmu, sunansa ma a jikin wasiƙa na gani.