Ci a Ɓoye, Hoto a Kasuwa

Asabar ɗin da ta wuce ɗan yayata, wanda ya zo karatu nan Landan bara, ya matsa mini sai na raka shi wata liyafa. "Kawu, wurin fa ba kowa ake bari ya shiga ba," in ji shi, yana faɗa kamar wanda aka naɗa wa rawani. Tun sati uku ya biya kuɗin mutum biyu ta intanet, fam 70 kowane kai, alhali bai san inda za a ci ba, bai san abin da za a ci ba. Sai bayan la'asar aka turo adireshi ta waya. Wani tsohon sito ne a gabashin gari, bayan gadar jirgin ƙasa. Muka ƙwanƙwasa, aka leƙo, aka duba sunanmu a takarda, sannan aka zare sakata.

Dogon teburi ne da kyandira, mutum kamar ashirin, ba wanda ya san wani. Aka kawo faranti mai faɗin faifai, a tsakiyarsa ɗan abin da bai kai loma biyu ba, an ɗiga masa miya kamar ana tsoron kada ta ƙare. Ba wanda ya kai hannu. Kowa ya ɗaga waya, a ɗauka ta nan, a ɗauka ta can, har abincin ya huce.

Duk wannan da sauƙi, kuɗinsu ne. Abin da ya tsaya mini a wuya ya faru tun kafin mu bar gida. Yaron da suke zama tare da ɗan yayata, ɗan unguwarsu tun daga gida, yana tsaye a kicin yana dafa Indomie ba ko ƙwai, ya ce masa, "Ina zuwa haka?" Sai na ji ɗan yayata ya ce wai wani ɗan uzuri ne. Uzuri! Kafin mu dawo kuwa hotunan sun cika Instagram, duniya ta gani, har shi mai Indomien.

Ƙannena, wannan ɗabi'ar ce nake magana a kai. Ka ɓoye wa na kusa da kai inda za ka ci, sannan ka kai masa hoton har cikin wayarsa. Ko marowacin da ma yana da kunya, in ya kulle ƙofa ya ci sai ya goge baki ya yi shiru. Ku kun haɗa rowa da shela.

Ku san kuma inda wannan sayar da abinci a ɓoye ya samo asali. A Kyuba, bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, yunwa ce ta sa mutane suka riƙa sayar da abinci a falonsu a ɓoye, har gwamnati ta halatta abin da suke kira paladar, da sharaɗin kada kujeru su wuce 12. A birnin Buenos Aires na Ajantina, gidajen abinci masu rufaffiyar ƙofa sun yawaita ne bayan tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe a 2001. Waɗannan neman na sakawa a baki suke yi. Da abin ya iso Landan wajajen 2009, lokacin da wata mai girki, Kerstin Rodgers, ta fara karɓar baƙi a gidanta da ke unguwar Kilburn, shi ma akwai ɗan ƙamshin zumunci a ciki. Yanzu ɓoyon kansa ake sayarwa. Ku kuma kuna saye, don kawai a ce kuna cikin waɗanda aka zaɓa. Kallon kitse kuke wa rogo.

Ban ma shiga zancen abin da ke cikin tukunyar ba. Na tambayi mai kawo abincin ko naman halal ne, ɗan yayata ya taka mini ƙafa ta ƙarƙashin teburi, wai zan kunyata shi. Giya na zagayawa a gabansa bai ji kunya ba, tambayata ce abin kunya. Kuma kuɗin nan uwarsa ce ke canza naira a kasuwar Wapa tana turowa, tana zaton littafi ake saye. Wannan maganar wata rana ce.

Mu da muka tashi muka tarar da ciyayya mun san daɗin ci cikin mutane. Bayan magariba kowane magidanci a layinmu zai sa a fito da tuwonsa ƙofar gida, a shimfiɗa tabarma, a jera akusa da kwanuka. Mai miyar nama da mai miyar kuka lami duk hannu ɗaya ake sawa, ba mai sanin wanda gidansa bai ɗora tukunya ba ranar. Duk wanda ya zo wucewa sai an ce masa bismillah, in ya ce alhamdulillahi a ce sai fa ya taɓa. Almajiri na gefe da rabonsa. Ba takarda, ba sakata. Iyayenmu na cewa kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu, kuma tun muna allo muke jin hadisin Abu Huraira cewa mafi sharrin abinci shi ne na walimar da ake kiran mawadata a bar talakawa. Ina waɗannan mutanen suka tafi? Yau yaro zai ga abokinsa da yunwa ya yi masa ƙarya don kujera ɗaya a sito.

Ban ce kada ku ɗanɗana abincin wasu ba, ni ma na ci, kuma kifin ba laifi. Amma ku riƙa waiwayawa. Ku ji nauyin wanda kuka bari a ɗaki. In ba za ku tafi da shi ba, ku rage hoton mana, haba!

Washegarin liyafar na tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe, na kira su su biyun. Mai Indomie ya zo, ya ci, ya ƙara, har ya wanke mini tukunya. Ɗan yayata ya turo saƙo wai in yi haƙuri, sunansa ya fito a wani wurin a Hackney, in bai je ba, za a ba wa wani kujerarsa.