Yadda safata ta tona min asiri a gidan kokawar Japan

Wallahi har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Lokacin da muka je kwas Tokyo a watan Satumba, wani abokin tafiyata mai "ai na san gari" ya matsa sai mun je kallon sumo a Kokugikan, can unguwar Ryogoku. Gasar kwana 15 ce, ya sayo tikiti, bai gaya min ba kujera ba ce. Wani ɗan murabba'i ne an kewaye da ƙarfe, mutum huɗu, kowa da matashinsa a ƙasa, kuma dole a cire takalmi.

To ni safata a huje take, babban ɗan yatsa a waje yana gaida jama'a. Na yi maza na tanƙwashe ƙafar na zauna a kanta. Awa uku fa jama'a.

Akwai wata tsohuwa a gefenmu tana cin tsiren kaza, ita ta riga ta gani. Ta kalli yatsan, ta kalle ni, ta ɗan rusuna. Ni da ta zage ni ma ya fi min sauƙi. Duk sanda na waiwaya sai ta sake rusunawa, me na yi miki baiwar Allah?

Su kuma ƙattin, daga su sai bante, su watsa gishiri su tsuguna su harari juna su miƙe su koma ɗebo gishiri, kusan minti huɗu ana abu ɗaya, kokawar kanta sakan biyar an gama. Da a gida ne da makaɗa sun naɗe ganguna.

Dab da ƙarfe shida yokozuna ya fito, babban gwaninsu kenan, sai wani na ƙasa da shi ya ingiza shi waje. Wuri ya kaure, aka hau jifa da matasai duk da an hana. Na zabura zan miƙe, ashe ƙafa ta sage tuntuni. Na tafi luuu, sai cikin wurin tsohuwa, hannuna dumu-dumu a abincinta, ƙafar mai hujin nan ta yi sama kamar tuta, wani matashi kuma ya sauka a ƙeyata. Ina kwance, ita ke ba ni haƙuri, "sumimasen, sumimasen". Ita fa!

Mutumin naku ko hannu bai miƙo min ba, bidiyo yake ɗauka. Kuma kuɗin jirgin ƙasan ranar ma ni na biya mana, har yau shiru.