Gawon da ke bakin Gulbi

Bayan haɗarin motar da ya rutsa da mu a hanyar Ɗan Isa, inda abokina ya cika a gefena, kowa cewa yake in yi haƙuri, ƙaddara ce. Wallahi ban taɓa musun haka ba. Jikina ne ya ƙi ji. Ɗan kabu-kabu ya taka birki a bayana, sai gabana ya yanke ya faɗi, gumi ya karyo mini. Dare kuwa ido biyu har kiran assalatu.

Wata asuba na fito masallaci, ƙafata ta ƙi gida, sai na gangara fadamar Gulbin Maraɗi, inda tsohon gari yake kafin ambaliyar 1945 ta kora shi tudu. Rani ne, gulbin ya ƙafe, sai yashi da sawun shanu. Can na hangi wani gawo shar da ganye, alhali duk itatuwan kusa da shi sun kaɗe. Na ɗaga salula in ɗauke shi, hannuna na rawa, hoton ya fito dishi-dishi. Na sake, haka. Sai da na tsaya cak, na saki numfashi a hankali, sannan rassansa suka fito tar. Rabona da irin wannan numfashin tun ranar haɗarin.

Daga nan kullum ina can. Gawo ɗaya nake ɗauka, daga wuri ɗaya. Da damina ta sauka ya zubar da ganyensa kamar yadda gawo ya saba, gero ya tashi a ƙarƙashinsa, na ɗauki wannan ma.

Abin da ke mini ciwo shi ne, a garin nan in an ga namiji yana yawo shi kaɗai a fadama ba fartanya ba kaya, sai a fara raɗa: ya taɓu, ko iska ta shige shi. Ni ma an faɗa a kaina. Ku bar mutane su taka, don Allah. Ban bar addu'a ba, likita ma na gani kuma ya taimake ni ƙwarai, amma barcin farko mai nauyi bayan tafiyar nan na same shi.

Yanzu wani maƙwabcina da ya tsero daga Zamfara yakan biyo ni. Ba ma yawan magana. Ranar Juma'a muna son mu je tafkin Madarunfa, ya ce shi tsuntsaye yake so ya ɗauka.