Ɗan hakin da ka raina: nasiha ga masu cinna wa shara wuta

Jiya da la'asar sakaliya na ga abin da har yanzu yake ci mini rai. Wasu samari uku, ba yara ba, gemu ya fara fito musu, suka tara shara a bakin hanya, ledoji da robobin ruwa da tsofaffin takalma, suka ɗora wata tsohuwar taya a kai wai don wutar ta ci da kyau, suka ƙyasta ashana. Nan da nan baƙin hayaƙi ya turnuƙe wurin. Ga wata baiwar Allah zaune a gefe da jariri a cinya, yaron yana tari kamar zai shiɗe. Na matsa na ce, "Haba samari, ku dubi yaron nan mana." Ɗayansu ko ɗago kai daga kan waya bai yi ba, ya ce, "Baba, ai hayaƙi ne kawai, yanzu iska za ta kwashe shi."

Ta kwashe shi ta kai ina? Ƙannena, tambayar da nake so ku zauna da ita ke nan. Baƙin da kuke gani yana tashi sama shi ne mai sauƙin. Mugun yana cikin wanda ido ba ya gani. Masana suna kiransa PM2.5, wato ɓurɓushin da faɗinsa bai wuce maikromita 2.5 ba. Silin gashin kanka ɗaya ya ninka shi kauri kusan sau 30. Ƙura mai girma gashin hanci da majina suna tare ta, ka yi atishawa ka fyace, shi ke nan. Wannan kuwa wucewa yake yi salin alin har can ƙuryar huhu, inda iska ke haɗuwa da jini, mafi ƙanƙantarsa ma har cikin jinin yake kutsawa. Yana iya kwanaki yana yawo a iska bayan wutarka ta mutu, ya bi taga ya shiga ɗakin wanda bai san ka ƙona komai ba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Kuma ba tari kaɗai ba ne. Da tari ne da sauƙi. Idan ɓurɓushin nan ya daɗe yana shiga jiki, yana kumbura hanyoyin numfashi, ya lalata jijiyoyin jini, ya sa jini saurin daskarewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 a shekarar 2019 kaɗai, kuma kusan kashi biyu cikin uku ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ne suka ɗauke su, ba ciwon huhu ba. Ku ji fa, zuciya. Dattijo ya yanke jiki ya faɗi, a ce hawan jini ne, ba wanda zai tuna hayaƙin da ya shekara goma yana shaƙa. Tun 2013 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya wannan ɓurɓushi cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar huhu. Mai ciki ta shaƙa, ta haifi ɗa ɗan mitsitsi. Mai asma ya shaƙa, ya kwana a zaune. Yaro kuwa ya fi kowa shan wahala, domin numfashinsa ya fi na babba sauri, huhunsa kuma bai gama ƙwari ba.

Duk wannan, kai kuma ka ɗora taya a kan wuta kana dariya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne a ransu aikin kirki suke yi. Wai tsafta! Ka kwashe ƙazanta daga ƙasa, inda aƙalla ana iya kauce mata, ka watsa ta cikin iskar da kowa dole ya shaƙa, sannan ka kira shi tsafta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mutum yana iya ƙin shan ruwan da bai yarda da shi ba, amma wa ya taɓa ƙin numfashi? Sau kusan 20,000 muke jan numfashi a yini guda. Leda da roba kuma ba itace ba ne, wasu nau'o'insu idan sun ƙone suna fitar da guba mai suna dayoksin, wadda ke taruwa a jiki ta shekara da shekaru ba ta fita. Wannan ƙaurin da ke sa ka yamutsa fuska, jikinka ne yake gaya maka gaskiya, kai ne ba ka ji.

Af, kuma su ne dai za ka gani da dare an kewaye tukunyar shisha ana busa hayaƙi ana ɗaukar bidiyo, ko an hau babur ana murza shi a tsaye salansa na aman hayaƙi don a burge 'yan kallo. Wanda ya mai da huhunsa bututu, ina zai ji tausayin na wani? Wancan aƙalla kansa ya fi cuta, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Mai ƙona shara kuwa jama'a yake rabawa, babu wanda ya nemi izininsa.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A watan Disambar 1952 hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya lulluɓe birnin Landan kwana biyar. Lissafin farko mutum kusan 4,000 ne suka mutu, daga baya bincike ya nuna adadin zai kai 12,000. Sai da aka yi wannan asara kafin Birtaniya ta kafa dokar tsabtace iska a 1956. A birnin nan dai, a 2020, aka yanke hukuncin cewa gurɓatacciyar iska na cikin abin da ya kashe wata yarinya 'yar shekara 9 mai fama da asma, aka rubuta haka a takardar mutuwarta. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ma'aunin da ta amince da shi na wannan ɓurɓushi daga maikrogiram 10 zuwa 5 a kowace mita kubik ta iska, wato iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare, saboda an gano ko kaɗan ɗin ma yana illa. Duniya na ta ƙoƙarin ragewa, mu kuma muna neman ashana.

Na san abin da za ku ce: to ina za mu kai sharar? Gaskiya ne, hukumomi suna da nasu laifin, ga hayaƙin motoci da na masana'antu da janareta, ba ku kuka ƙirƙiro su ba. Amma gazawar wani ba ta halatta maka cutar da maƙwabci. Ku haɗa kai ku nemi yadda za a kwashe ta, ku rage tara ledar tun farko, ku yi ta bibiyar masu alhakin kwashewa har su gaji da ganinku. Ƙarfin ɗaga taya ai ya isa ɗaga buhun shara.

Mu da aka koya wa cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, yau mu ne ke cinna wa hanyar wuta. Da can yaro ba ya yarda babba ya yi masa magana sau biyu. Ko kuskure ya yi, da an ce "kai, bari", zai sunkuyar da kai ya ɗebo ruwa ya kashe, kunya ma ba za ta bar shi ya haɗa ido da matar nan ba. Yanzu kai mai faɗar ne za a mayar mahaukaci, a yi maka kallon wanda ya rasa aikin yi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba, to yanzu ko rimin ma ba a hawa, ana kan waya.

Matar dai tashi ta yi, ta rufe fuskar jaririn da gefen mayafinta, ta bar musu wurin. Ban iya gaya mata cewa mayafin ba ya tare irin wannan ɓurɓushi ba. Yau da safe na sake bi ta wurin, tayar tana nan tana cin wuta a hankali ƙarƙashin toka, har wani ya zo ya ƙara mata leda.